Abin da Auta Ke Gaya wa Fulas

Litinin, da hantsi

Ƙirjin ya yi sauƙi yau, amma ƙafar hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga sai da na take bayansa. Na sha farar ƙwaya. Jar ta ƙare tun shekaranjiya. Rubutun nan duk ya karkace. Mutumin da ya tsufa yana rubuta adireshi a gidan waya bai kamata a gan shi da irin wannan rubutu ba. Ba mai gani dai.

Tela, maƙwabcina, ya leƙo ta taga da zare a baki.

"Akawu, kana nan, ko mu fara rabon gado?"

Na ce ya shigo ya ɗauki kujerar, ita kaɗai ce ba ta ciwo a ɗakin. Ya duba ƙafarta da na ɗaure da igiya ya ce, "Ita ma irin mai ita ce."

Alhamis ta kusa.

Alhamis, bayan la'asar

Auta, 'yata, ta zo.

Bari in rubuta yadda muke yi, don in wani ya tsinci littafin nan bayan raina kada ya ce tsohon ya zautu.

A Zaure, gidan jama'ar da ke bayan katanga inda na yi rabin rayuwata, wanda ya fita daga jama'a sunansa tsallakakke. Ba a gaishe shi, ba a amsa masa, ba a kiran sunansa. Jagora ne ya kafa dokar. Ni na tsallake bayan rasuwar matata, mahaifiyar Auta. Ba yau zan rubuta dalili ba. Auta tana ciki da mijinta da 'ya'yanta mata biyu, kuma ita ake aikawa kasuwa ranar Alhamis ta sayo kayan girki. Daga kasuwa zuwa ɗakina ba nisa.

An hana ta yi mini magana. Ba a hana ta yi wa fulas magana ba. Ita ta gano wannan da kanta. Tun tana ƙarama haka kanta yake.

Fulas ɗin na mahaifiyarta ne, mai jan fure. Marfinsa ya tsage na ɗaure da waya, mariƙinsa kuma marigayiya ta naɗe shi da shuɗin ƙyalle. Auta takan shigo ta ajiye kwando, ta zauna ta ba ni gefe, idonta a kan tebur.

Yau ta ce, "Sannu fulas. Na ga ƙura ta rufe ka. Mai kai ba shi da hannu ne?"

Na ce, "Fulas, ka ce mata hannun yana nan, ƙarfin ne ya yi tafiya."

"To tambaye shi, jar ƙwayar da na ga kwalinta a shara, ya sayo wata, ko sai ya faɗi a titi an zo an kira ni?" Sai ta tsaya. "Ba ma za a kira ni ba."

Ta tashi ta wanke kofuna, ta share ɗakin har ƙarƙashin gado. Tana shara tana ba fulas labari. Ƙaramar ta zubar da haƙori ta ɓoye shi a cikin safa. Babbar ta fara haɗa baƙi, duk takardar da ta gani sai ta karanta. "Ta gado wani, fulas. Ba zan faɗi ko wane ne ba, kada kansa ya kumbura kamar ƙafarsa."

Ban ga idonta ba. Ba fushi ba ne. A Zaure ba a kallon fuskar mutum, ƙasa ake kallo, haka aka koya mana. Ni kaina har yau da takalmi nake gane mutane. Tela yakan ce in ya sake silifa sai ya gabatar mini da kansa.

Da za ta tafi ta ce, "Fulas, ka kula da shi. Ba ya jin magana."

Asabar, bayan magariba

Na lallaba shagon Tela don ɗakin ya yi mini faɗi. Talabijin a kunne, mutane sun cika benci suna jiran ɗinki. Ana nuna wani shiri a kan wata jama'a irin tamu a wani gari. Na rubuta "tamu". Bari in bar shi haka.

Kiɗa mai tayar da hankali, katanga da waya mai ƙaya, mata suna wucewa kamar inuwa. Mai gabatarwa yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba yara labarin dodo. Wani mai jiran wando ya ce, "Wawaye. Yaya mutum da hankalinsa zai shiga wannan?" Aka yi dariya.

Ban san sanda na buɗe baki ba. Na ce ba wawaye ba ne. Na ce akwai direbobi a ciki, da malaman makaranta, da masu gyaran wuta. Na ce ranar da gobara ta cinye ɗakinmu, muna tsaye a titi ni da matata da Auta a goye, dangi suka ce Allah ya kiyaye gaba suka watse, 'yan Zaure ne suka zo da bargo. Su suka ɗora mana rufi. Ba wanda yake shiga don katanga. Don bargon ake shiga. Katangar daga baya take tashi, a hankali, kana ciki kana taya su ɗaukar bulo.

Mai wandon ya ce, "Yi haƙuri, Baba."

Da suka watse Tela ya ce, "Akawu, ashe akwai lacca a cikinka. To ka je ka gaya wa masu akwatin mana. 'Yar yayata a gidan talabijin take aiki."

Na ce ya bar ni.

Lahadi

Ƙafa dai. Ban fita ba. Ina ta juya maganar Tela.

Talata, da azahar

'Yar yayar Tela ta zo. Farin takalmin ƙafa ciki, ta cire shi a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba. Ta durƙusa ta gaishe ni. Yarinya mai natsuwa, ba za ta girmi Auta ba.

Ta ce suna shirya shiri a kan waɗanda suka bar irin waɗannan wurare. Na ce in dodanni take nema ta koma, ba ni da su. Ta ce, "Shi ya sa na zo wurinka, Baba. Kawu ya gaya mini abin da ka faɗa a kan bargo."

Na ce ina da 'ya a ciki. Ta ce za a rufe fuskata, a sauya muryata, ko ni ba zan gane kaina ba. Na yi tunani na ga ai babu talabijin a Zaure, Jagora ya hana tun kafin a haifi jikokina. Wa zai gani?

Abin da nake so kaɗan ne. In matan Zaure sun shiga kasuwa a daina nuna su da baki. A san mutane ne. Na taɓa jin masu tumatir suna kiran Auta 'yar kurkuku, tana tsaye tana ƙirga canji kamar ba ta ji ba.

Ta ce, "Masu kallo ba za su yarda ba sai sun ga misali. Kai me zai nuna cewa akwai ƙauna a ciki?"

Sai na gaya mata labarin fulas.

Ta ajiye biro. Ta daɗe tana kallon teburin. Ta ce, "Baba, wannan shi ne labarin."

Na ji daɗi. Allah ya sani na ji daɗi. Na daɗe ban faɗi abu wani ya ajiye biro ba.

Laraba, da yamma

Sun zo ita da mai kyamara. Na share ɗaki na buɗe labule don haske ya shigo. Mai kyamara ya rufe labulen, ya kashe ƙwan lantarki, ya kafa fitilarsa a bayana. Ya matsar da teburin tsakiyar ɗaki. Ya sa na yi tafiya daga ƙofa zuwa gado, na sake, na sake.

"Baba, ɗan ƙara jan ƙafar."

Na ce, "Ɗana, wannan ba wasa nake yi ba, iyakarta ke nan."

Na yi magana mai tsawo. Gobara, bargo, yadda ake yi wa marar lafiya wanki, yadda ba a barin kowa ya kwana da yunwa. Sannan ta tambaye ni ranar da mahaifiyar Auta ta rasu. Na faɗa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Tela, sai ga shi na faɗa wa fitila.

Bayan an gama mai kyamara ya durƙusa yana ɗaukar kayan ɗaki. Agogo, kofuna, takalmina a bakin gado, fulas. Ya daɗe a kan fulas.

Na gaji ƙwarai. Ban ci komai ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ta zo. Tana shigowa ta tsaya.

"Fulas, wa ya matsar da kai? Baƙi ka yi?"

Na ce, "Ka ce mata Tela ne."

"Tela da gyaran ɗaki? Nasa shagon ma ba a ganin ƙasa don ƙyalle."

Ta mayar da teburin inda yake. Yau da fara'a ta zo. Ta ga maɓallin rigata ya tsinke ta ce wa fulas ya ce wa mai shi ya cire, ta ɗinka tana ƙorafi, wai mutum yana maƙwabtaka da tela yana yawo kamar marar gata. Ta rera wa fulas waƙar da ƙaramar ta ƙago a kan haƙorinta. Na yi dariya har tari ya taso, ta zuba ruwa a kofi ta ajiye kusa da fulas, ta ce, "Ba naka ba ne, miƙa masa."

Can ta ce, "Fulas, na yi mafarkin mai kai ta farko. Tana zuba wa mata shayi a tsakar Zaure, tana faɗa wai an shanye ba a bar wa Baba ba."

Ta ce Baba. Ga fulas ta faɗa, amma ta faɗa.

Na buɗe baki in gaya mata zancen talabijin. Na rufe. Na ce bari ranar nan ta ƙare yadda ta fara.

Ta ce mako mai zuwa za ta zo da jar ƙwayar, tunda wani ya rantse ba zai saya ba.

Juma'a

Ai an rufe fuska. Ai babu talabijin a Zaure.

Asabar

Tari. Ai an rufe fuska.

Lahadi, bayan magariba

An nuna.

Tela ya ajiye mini kujera a gaba, ya kori mai wando daga kanta. Shagon ya cika har waje.

Kiɗan nan ne dai. Katanga, waya mai ƙaya. Ba katangar Zaure ba ce ma, tamu ba ta da waya. Sai ga wani mutum yana jan ƙafa a cikin duhu, fuskarsa kamar an shafa toka a madubi, muryarsa kamar daga cikin rijiya. Sai da ya yi tari na gane ni ne.

Babu gobara. Babu bargo. Babu wanki. Abin da aka bari shi ne ina cewa na tsaya a ƙofar Jagora tun safe ina neman izinin kai matata asibiti, aka ce yana addu'a, a jira. An maimaita wannan sau biyu, da kiɗa a ƙarƙashi.

Sannan fulas ya cika akwatin talabijin. Jan furen, wayar marfin, shuɗin ƙyallen, har zaren da ya warware a gefe. Bayansa takalmina, da bayan na hagu a take. Mai gabatarwa ya ce 'yar wannan bawan Allah takan saci jiki daga kasuwa duk mako ta zo ta yi magana da fulas. Ni na faɗa musu haka. Ni na ce kasuwa.

Suka sa wata mace cikin baƙin mayafi ta durƙusa gaban wani fulas tana kuka. Auta ba ta taɓa yi wa fulas kuka ba. Faɗa take yi masa.

Mata biyu a shagon suna share ido. Tela ya dafa ni ya ce, "Kwantar da hankali, Akawu. Ko uwarka ba za ta gane ka ba."

A nan na gane. Sun ɓoye abu ɗaya da ba wanda yake kallo a Zaure. Suka nuna takalmi. Suka nuna fulas da babu macen da ba ta sha shayi daga cikinsa ba a gidan nan. Mai kyamara bai sani ba. Yarinyar ba ta sani ba. Ni na sani, kuma ina zaune a bakin gado ina kallo yana ɗauka.

Na ce wa kaina babu talabijin a Zaure. Na faɗa har na iso ɗaki.

Litinin, da hantsi

Mai wando ya tare ni a ƙofa da murna ya nuna mini wayarsa. Fulas ne a ciki, an yanko wurin kawai, an rubuta wani abu a ƙasa. Ya ce kowa yana turawa kowa, har ƙanwarsa da ke wata ƙasa ta turo masa.

Ban san talabijin yanzu yana shiga aljihu ba. Lokacin da na shiga Zaure akwati ne mai nauyi, sai mutum biyu suke ɗauka.

Surukina, mijin Auta, shi ne mai tsaron ƙofar Zaure. Shi aka ba waya saboda aiken Jagora.

Talata, da azahar

Tela ya kira 'yar yayarsa, ta zo. Na ce a janye. Ta ce daga gidan talabijin za a iya daina nunawa, amma na wayoyi ya riga ya fita, ba mai iya dawo da shi.

Ta ce mutane sun yi ta kira. Wata mata ta kira daga wani gari tana raɗa, ta ce ita ma tana so ta fita, ta tambayi inda za ta je. Ta ce shugabanta ya ji daɗi, yana son kashi na biyu, in zai yiwu da 'yar.

Na ce, "'Yar nan, kin rufe mini fuska kin bar mini takalmi."

Ba ta gane ba. Na yi mata bayani. Ina kallon ƙafafunta, sai na ga yatsun sun lanƙwashe a kan tabarma.

Ta ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ce ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Na tambaye ta bargon. Ta ce ta sa shi, aka ce lokaci bai isa ba, kuma masu kallo za su rikice su rasa wa za su tsana. Ba haka ta faɗa ba daidai, amma abin da na ji ke nan. Ta yi ta ba ni haƙuri. Na so in ji haushinta, da na sami sauƙi. Matar da ta kira tana raɗa ita ma 'yar wani ce.

Laraba

Tela ya ce samari sun taru a ƙofar Zaure suna jifa, suna ihu a sako matar fulas. An kulle ƙofar da sarƙa.

Matar fulas. Sunan da na sa mata ke nan.

Alhamis, bayan la'asar

Na ji taku ya tsaya a waje, na leƙa. Baƙin takalmin roba, babba, an ɗinke gefensa. Surukina.

Bai zo ƙofata ba. Ya tsaya a bakin shagon Tela, ya ba tagata baya, ya ɗaga murya.

"Tela, ina da saƙo ga wani da ba na kiran sunansa."

Tela ya ce, "Ga shi can a taga, malam, yana jin ka."

"Da kai nake magana."

"To ni ne fulas ɗin yau ke nan. Bismilla."

Bai yi dariya ba. Ya ce an nuna abin a gaban jama'a duka, a wayarsa, shi aka sa ya riƙe. Kafin a kai ƙarshe matan sun gane ƙyallen. Ya ce an gyara doka, yanzu ko magana a inda tsallakakke zai ji laifi ne, shi ma izini na musamman aka ba shi yau. Ya ce an sa matarsa a shiru. Ba mai yi mata magana, an kwashe yaran an kai ɗakin mahaifiyarsa.

Ya ce Alhamis mai zuwa za a buɗe mata ƙofa a ba ta kwando. Ba wanda zai raka ta. In ta je kasuwa ta dawo kai tsaye, za ta tsaya gaban jama'a ta ce ba ta da uba, magana ta ƙare. In ta karkato layin nan, ƙofar ba za ta sake buɗe mata ba, yaran kuma na Zaure ne.

Muryarsa ta karye a kan kalmar yara. Na san shi tun yana yi wa uwarsa talla. Ba mugu ba ne. Na faɗa wa fitila haka, ba a nuna ba.

"Ka gaya masa, in yana da sauran tausayi, ya roƙi Allah kada ta zo."

Ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ajiye wani ƙulli a kan keken ɗinki.

"Wannan a kwandonta na tsinta. Ba na kowa ba ne."

Tela ya kawo mini. Jar ƙwaya ce.

Juma'a

Ban sha ba. Na ajiye kusa da fulas.

Asabar, da safe

Na sha. In ban sha ba za ta yi faɗa.

Lahadi, da yamma

Akwai hanyar komawa, ko da can akwai. Tsallakakke ya zauna a ƙofar Zaure ba takalmi, in an kira shi ya tsaya gaban jama'a ya ce Jagora ya yi daidai a kan abin da ya fitar da shi. In na koma, Auta ba sai ta zaɓa ba.

Na zauna gaban fulas na gwada. "Jiran da aka sa ni ranar nan daidai ne." Na kai rabi na tsaya. Ina ganin marigayiya a kan tabarma tana cewa in je in sake tambaya, kada mu yi laifi. Ita ce ma take cewa a jira.

Na sake gwadawa. Har rana ta faɗi ina gwadawa.

A ƙarshe na faɗa duka, ba tsayawa. Fulas nata ne, ya ji.

Litinin, da azahar

Ƙafar ba ta kai ni ƙarshen layi ba. Na aiki Tela ya ce musu na shirya, a faɗi ranar da zan zo, ko ɗaukata ne a yi.

Ya dawo bai leƙo ta taga ba, ta ƙofa ya shigo ya zauna a kujerar. Ya ce ta ramin ƙofa aka amsa masa. Wanda ya kai Zaure bakin duniya ba shi da hanyar dawowa.

Na ce to.

Ya ce, "Akawu, ni na ce ka je ka gaya musu."

Na ce ba shi ya ce kasuwa ba.

Ashe a banza na faɗi maganar jiya. Ba a janye ta ita ma.

Talata

Matar Tela ta aiko da abinci. Na mayar da rabi. Ƙirjin ya dawo.

Allah kada ta zo.

Laraba, da yamma

Na sa fulas a cikin akwati, ƙarƙashin kaya, don in ta zo ta ga ba wanda za ta yi wa magana ta juya da sauri. Sai na tuna juyawa ba za ta amfane ta ba, taka layin kaɗai ya isa. Na fito da shi.

Babbar ta fara haɗa baƙi. Wa zai zauna da ita in ta ci karo da kalma mai wuya? Ƙaramar sabon haƙori zai fito, wa za ta nuna wa?

Allah kada ta zo. Na faɗa a kowace salla. Bakina yana faɗa, kunnena yana ƙofa.

Alhamis, da safe

Na tashi da zazzaɓi kaɗan. Na share ɗakin har ƙarƙashin gado, da hutawa a tsakani. Na goge fulas. Na dafa shayi na cika shi. Ban san dalili ba. Na sa rigar da ta ɗinka wa maɓalli.

Alhamis, da azahar

Yanzu an buɗe mata ƙofa. Yanzu tana wajen masu tumatir. Ko me suke kiranta yau.

Na juya kujerar na ba taga baya. Silifanta na dama yana ɗan ƙara in ta ɗaga ƙafa, ko a cikin mutum ɗari zan gane shi.

Tela bai kunna talabijin ba. Kekensa ma yana yi yana tsayawa. Duk sanda wani ya shigo layin sai ya tsaya.

Alhamis, bayan la'asar

Mai ruwa ya wuce. 'Yan makaranta. Wata mai takalmi mai tsini. Wani silifa ya rage tafiya daidai kwanar layin, na ce Allah kada, Allah kada. Ya wuce. Ban juya ba. Ban san ko ita ce ba, kuma ba zan tambayi Tela ba.

Alhamis, da magariba

Tela ya rufe shago. Ya tsaya a taga ya ce, "Akawu." Na ce na sani. Ya tafi.

Yanzu tana cikin gida. Ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, an mayar mata da yaranta, ƙaramar tana kan cinyarta. An karɓi addu'ata. Na daɗe ban roƙi abu an ba ni da sauri haka ba.

Na zuba shayin a kofi biyu. Na ce, "Fulas, in ka ji daga gare ta, ka ce mata ta yi daidai. Ka ce mata ina shan ƙwayar."

Na jira kaɗan, kamar yadda nakan jira ta gama faɗa.

Auta ba ta zo ba.